Rigar da Ba a Gardama a Kanta

Ƙanena tela ne. Na fara da wannan ne saboda duk wanda ya gan shi ba ya yarda, sai ya ce ko mahauci ne ko ɗan dako. Gajere ne mai faɗi, wuyansa da kansa kauri ɗaya, kunnuwansa sun murɗe sun dunƙule saboda gugar shekara da shekaru. A filin wasa Bango suke ce masa. A gida kuwa Auta ne, kuma ko ya cika ƙofa da faɗi a wurina Auta ne, don ni na goye shi.

Shagona yana jikin nasa. Ina sayar da zare da maɓalli da zif da allurai, katako ne kawai ya raba mu, mun kuma huda 'yar taga a jiki don miƙa kaya. Ta tagar nan nake ganin rabin rayuwarsa: keken ɗinki, almakashi, tarin yadi a kan benci, da ƙusar da jakar wasansa take rataye. Ɗaya rabin yana fili, kuma shi ne ba na son gani.

Zari-ruga yake bugawa, wannan ƙwallo mai siffar ƙwai da ake runguma a ruga da ita, a kama mutum a fyaɗa da ƙasa alƙali yana kallo bai ce uffan ba. A ƙasarmu wasan ba shi da jama'a, 'yan wasan ma kowa da sana'ar da yake ci da ita. Amma tawagar ƙasa ai tawagar ƙasa ce, ana rera mata take, tana hawa jirgi. Mutum goma sha biyar ke shiga fili, kuma lambar da ke bayan rigar mutum ita ke faɗin aikinsa. Auta lamba uku ne.

Bari in faɗi aikin lamba uku yadda na gane shi, ni da ban taɓa riƙe ƙwallon ba. In wasa ya tsaya akan ce a yi turereniya. Ƙarti takwas nan, takwas can, su rungumi juna su sunkuya, na sahun gaba mutum uku-uku su cusa kawunansu tsakanin na abokan karawa, sai a yi ta turi ana laluben ƙwallo da ƙafa. Mai lamba ɗaya kansa yana gefe, kafaɗarsa ɗaya tana shan iska. Mai lamba uku kuwa an datse kansa hagu da dama, nauyin na gabansa da na bayansa duk a wuyansa suke haɗuwa. Masu dokar wasan ma sun san da haka, shi ya sa ba a yarda a tsayar da kowa a wurin sai wanda aka horar, kuma tawagar da ba ta da irinsu ba a barinta ta shiga gasa.

Ba shi ya nemi wasan ba. Yana saurayi, yana koyon ɗinki, aka aike shi ya kai keke wurin gyara. Ya ɗora keken da teburinsa a kafaɗa, yana tafe yana ɓare lemo da haƙori. Wani malamin motsa jiki ya gan shi, ya biyo shi har shago. Auta kuwa tun yana ƙarami bai iya cewa a'a ba. Ka kawo masa ɗinki ka ce gobe da safe za ka yi tafiya, zai kalli tarin da ke gabansa, ya kalle ka, ya ce, “To.” Wannan “to” ɗin ya ce wa malamin, kuma yau ya doshi arba'in yana biyan bakinsa.

Da yake tela ne, hukumar wasan ta ɗora masa ɗinka lambobi a bayan rigunan tawaga. Wannan ya sa ƙofar shagonsa ta zama majalisa duk lokacin da aka kusa zaɓen 'yan wasa. Mai askin da ke tsallaken titi da mai facin taya su ne manyan malaman majalisar, alhali ko gudun tare mota ba su iya ba.

“Wallahi in suka sake ba yaron nan lamba goma na daina kallo,” in ji mai aski. “Mutum ya buga ƙwallo ta nufi sandunan gola, sai ka tsince ta a wurin masu sayar da ruwa.”

“To wa za a ba? Ɗan yayanka?” in ji mai faci. “Shi da in an taho kansa yake rufe ido?”

“Ya rufe ido amma yana da gudu.”

“Gudun tsira ba.”

Haka za su bi lambobin nan ɗaya bayan ɗaya, a yi ta kumfar baki, wani lokaci har a yi kwana ba a gaisa ba. Amma na lura da wani abu: in sun gama da lamba biyu, tsalle suke yi su faɗa huɗu. Wata rana Auta ya tsayar da keke ya ce, “Uku fa?”

Suka bushe da dariya. Mai aski ya ce, “Haba Bango, uku ai ba a magana. Kana nan.”

Ya yi murmushi ya ci gaba da taka keke. Su sun ɗauka yabonsa suka yi. Ni da nake leƙe ta taga na ga yadda murmushin ya tsaya a leɓe bai kai ido ba, kuma na san dalili.

Shekarun baya kaɗan yana yankan wani farin yadi na hango ja yana bin layin alli. Na ce, “Auta, hannunka!” Ya duba yana mamaki. Almakashi ya tsarge masa babban yatsa, bai ji ba. Muka je asibiti, aka ɗauki hoton wuyansa. Likita ya ce ƙashi yana danne wata jijiya, shi ya sa babban yatsa da manuni suke mutuwa, kuma in bai bar turereniyar nan ba wata rana za su mutu su ƙi tashi. Ya tambaye shi sana'arsa. Da Auta ya ce tela, sai likitan ya ajiye biro ya daɗe yana kallonsa.

Tun daga nan zira zare ya soma gagararsa. Yana ganin ramin allura sarai, amma ba ya jin zaren a tsakanin yatsunsa. In abin ya ƙi, sai in ji ya ce, “Yaya, zo ki ga wani abu.” Sai in zaga in sunkuya a kan keken kamar ina duba ɗinki, in zira masa, in ce, “Ya yi kyau,” in koma shagona. Masu kawo ɗinki sun ɗauka shawarata yake nema. Babu abin da ke ci mini rai kamar wannan kiran, don na san hannun nan lokacin da yake zira allura yana hira bai ko kalla ba.

Duk shekara yana ajiye wasan. Yakan ɗauki jakarsa ya kai wa koci mai horar da su, ya ce ya gode, ya dawo fuska a sake, har ya saya wa 'ya'yansa alewa. Ba a daɗewa sai ga koci da shugaban hukuma a ƙofar shago, jakar tana hannun koci. Su zauna a benci su matse yadin mutane.

“Bango, kakar wasa ɗaya tak,” in ji koci. “Ka san mai jiran kujerarka, direban nan, gwiwarsa ba ta kai shi rabin wasa.”

“Yallaɓai, likita fa ya ce...”

“Mun sani, mun sani,” in ji shugaba. “Muna nan muna nema. Amma in ka tafi yanzu ba kai kaɗai ka tafi ba, mutum goma sha huɗu ka zaunar a gida. Yaran nan shekara guda suna gudu a rana.”

Sai ya kalli ƙasa, ni kuma ina bayan katako ina cizon leɓe, ina cewa a zuci, ka ce a'a, ka ce a'a mana. Sai in ji “To.” Jaka ta koma kan ƙusarta. Mutane suna roƙon Allah a zaɓe su, ƙanena yana roƙo a manta da shi, amma riga ta zame masa ƙarfen ƙafa.

Yanzu sai in kawo maganar ɗana. Ubansa ya rasu yana rarrafe, Auta ne ya riƙe shi, ya sa shi makaranta, ya koya masa guga da ɗinka maɓalli. Jikin kawunsa ya ɗauko kaf, har abokansa suke ce masa Turmi. Tun da ƙirjin yaron ya fara buɗewa Auta ya kafa masa doka: kada ya kuskura ya taka filin zari-ruga, ko kallo. Ya saya masa takalmin ƙwallon ƙafa, ya ce ya je can ya yi ta gudu. Muka saki jiki, ashe a kwalejin koyon sana'a da yake zuwa akwai ƙungiya, kuma ya daɗe a sahun gaba.

Mai aski ne ya kawo labarin, ya tsallako titi da tsumman aski a kafaɗa, baki har kunne.

“Bango, ka huta! An samo magajinka. Shugaba da kansa ya je ya gani, ya ce kai ne sak kana yaro.”

Na ga Auta ya miƙe zaune, idonsa ya kawo haske. “Alhamdu lillahi. Ɗan ina ne?”

“Au, ba ka sani ba? Ga shi nan a bayanka yana guga.”

Dutsen guga yana ta huci. Turmi bai ɗago kai ba. Ni kuwa zif ɗin da ke hannuna ya suɓuce.

A karo na farko majalisa ta tsaya a lamba uku, kuma da ta tsaya ta ƙi gaba. Mai aski ya ce sabon jini ake so, Bango ya yi iyakar yinsa. Mai faci ya ce yaron da bai kai ashirin ba za a kai gaban mutanen da suke cin rago guda su nemi ƙari? Masu wucewa suka riƙa tsoma baki, har wanda bai san siffar ƙwallon ba yana da ra'ayi. Suna yi a ƙofar shagonmu, ɗaya ƙanena ne ɗaya ɗana, kuma babu wanda ya ga ya dace ya rage murya.

Na tsare Turmi a gida, na yi faɗa, na yi lallashi. Ya bari na gama sannan ya ce, “Umma, ni fa ba turo ni aka yi ba, so nake. Kawu ya gaji, kin fi kowa sani, ke kike zira masa zare. Ni kuma ina da ƙarfi. To me ya rage?”

“Ya rage wuyanka.”

“Nasa fa?”

Sai na ce ya tashi ya ba ni wuri.

Can a hukuma ma kan masu zaɓe ya rabu. Shugaba yana son yaro, koci ya ce ɗanye ne. Da gardama ta ƙi ƙarewa sai suka ce a raba ta a fili: a haɗa su biyun kai da kai, a ja layi a bayan kowa, wanda ya tura ɗan'uwansa ya ƙetare layi shi ke da riga.

Matar Auta ta zo shagona da ƙaramarsu a baya. Mace ce mai kunya, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba.

“Yaya, ki yi haƙuri, na san ɗanki ne. Amma ƙafa kawai maigidana zai sakar masa, ba wanda zai gane. Jiya kofin shayi ya faɗi daga hannunsa, ya ce santsi ne. In hannun nan ya tafi da me za mu ci? Ke yake jin maganarki.”

Gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ta ba ni haushi, don ban ga inda zan kama ta da laifi ba. Na ba 'yar maɓalli mai ƙyalli ta yi wasa, na ce na ji.

Ana gobe karawar, da la'asar, Auta ya leƙo ta taga. Fuskarsa ta cika tagar.

“Yaya, me kika ce?”

“Da ina da wuya irin naku da ni zan sa rigar kowa ya huta.”

Ya yi 'yar dariya. “Ki faɗa mini tsakani da Allah.”

“Ina so ka fita. Ba na so ya shiga.”

“Ai babu wannan a ciki, Yaya.”

“Na sani. Shi ya sa na ce kada ka tambaye ni.”

Rabona da filin nan tun kafin a ɗauki hoton wuyansa, amma ranar na je. Filin atisaye ne, ciyawa rabi ƙasa rabi, da wata rumfar kwano inda masu zaɓe suka zauna a kujerun roba. Majalisarmu duk ta hallara, mai aski ya rufe shago. Ni da matar Auta muka tsaya jikin wayar shinge.

Suka fito, kai ka ce mutum ɗaya ne aka nuna shi yana yaro da kuma ya manyanta. Suka sunkuya, suka saƙala kai a ƙarƙashin kafaɗar juna, kowa ya damƙi rigar ɗan'uwansa. Koci ya busa usur.

Da farko ba wanda ya motsa, sai nishi. Can sai ƙafar Auta ta ja baya. Ta sake ja. Na san ƙafar nan, na ga ƙarti sun taru a kanta ba ta gusa ba, don haka na gane saki yake yi. Matarsa ta damƙe mini hannu har farcenta ya shige ni. Mai aski yana ihu, “Turmi! Turmi!” Diddigen Auta ya kusa taɓa layi. Ni dai ban san abin da nake roƙo ba, bakina yana motsi ne kawai.

Sai Auta ya tsaya. Na ga bayansa ya miƙe, ƙafafunsa sun nutse a ƙasa. Ya fara tafiya gaba a hankali, yaron yana ja da baya yana tirjewa, ƙasa tana tashi a ƙarƙashin takalminsa. Kafin su kai layi gwiwoyin Turmi suka lanƙwashe, ya tafi zai kifa da ka. Auta ya riƙe shi da riga, ya ɗago shi, sannan ya taka da shi ya ƙetare layin. Fili ya ɗauka, “Bango! Bango!” har da mai aski, marar kunya. Matar Auta ta saki hannuna, ta gyara goyonta, ta juya ta tafi.

Washegari na zaga shagonsa tun bai kira ni ba. Yana zaune ya tasa keke a gaba, hannunsa na dama a kan cinya yana murza shi da na hagu.

“Me ya sa, Auta?”

“Na sakar masa, Yaya. Wallahi na sakar masa, har na fara jin daɗi.” Ya ci gaba da murza hannun. “Da ya ji nasara ta zo sai ya manta da kansa. Ya sauke haɓa a ƙirji, yana kallon takalminsa. Ba a gani daga waje, ni na ji a kafaɗata. In ya yi haka a gaban mutanen da nake karawa da su, ba za su tsaya tambayar ɗan wane ne ba. A kan gadon ɗaukar majinyata za a fito da shi.”

“Ba a gyarawa?”

“Ana gyarawa. Shekara ɗaya, ko biyu, in ya samu mai tsaya masa.”

“Hannunka yana da shekara biyu?”

Ya ɗauki wani wando ya juya shi yana duba lanƙwasar ƙafa, kamar a nan amsar take.

Turmi ya daina zuwa shago, a gida ma in kawunsa ya shigo sai ya fice. Majalisa ta koma kan lamba goma da ɗan yayan mai aski, in sun gama da biyu su faɗa huɗu kamar da. Rigunan tawaga suka iso a buhu, sababbi, suna warin kanti. Auta ya shimfiɗa su yana ɗora lambobi. Kullum uku yake bari ƙarshe, da can don yana sa ran a aiko a ce a rage mata faɗi ko a ƙara.

Yana kan ta ukun ne zare ya tsinke. Ina kallonsa ta taga. Ya lashi bakin zaren, ya kai, ya kauce. Ya sake kaiwa, zaren ya zame ya faɗi a cinyarsa, ya tsaya yana nemansa da ido don yatsun ba su gaya masa ya faɗi ba. Na jira ya ce in zo in ga wani abu, bai ce ba.

Sai ga Turmi a ƙofa, ya zo ɗaukar wata rigarsa da ya bari. Ya tsaya yana kallon hannun kawunsa. Ya tako ya durƙusa a gaban keken, ya tsinci zaren, ya zira shi tashi ɗaya, ya ja shi ta ƙarƙashi ya daidaita. Bai miƙe ba.

“Kawu, an ce haɓata nake saukewa.”

“Haka ne.”

“Ka nuna mini. Baɗi sai na kayar da kai.”

Auta ya ɗora wannan hannun a ƙeyar yaron, a daidai inda nasa ƙashin yake danne jijiya. Ya ce, “Allah ya sa.”

Su biyun suka waiwayo taga, suna jiran in ce amin. Na sunkuya ina gyara kwalin maɓalli, na yi ta gyarawa har na ji keke ya tashi.